Kwaɗayin Tuda

Ranar da na fara yi wa Tuda magana, da zagi na fara, ba na musu. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a ƙofar gidan wankan mata mai ɗakuna uku na unguwarmu a Asfi, garin bakin teku, ina tsaron ƙunshin kayan mutane, kuma duk macen da ta taɓa tuɓewa a gabana ta san dokata: mai ciki ba ta wuce ɗakin tsakiya. Ɗakin zafi yana can ƙurya, bangonsa ɗaya da murhu, ko mai ƙoshin lafiya in ta daɗe a ciki da jiri take fitowa. To wata Talata bayan la'asar mata duk sun watse, ƙunshi ɗaya ya rage a kan kanta. Na tattare zanena na shiga. Ɗakin farko babu kowa, na tsakiya babu kowa. Can a ƙurya na sami Tuda ta jingina da bangon da ya fi zafi, ciki wata biyar a gaba kamar an kifa ƙwarya, bokiti biyu cike ba ta taɓa su ba, sabulu ya narke a tafin hannunta.

Na ce, "Ke akuyar dutse! Dafa ɗan cikin za ki yi? In turara kuskus kike so, ki tafi gidan surukarki, tana da madambaci."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ban tare wa kowa wuri ba."

"Kin tare min. In kika yanke jiki kika faɗi, wa zai ɗauke ki? Ni da wannan gwiwar?"

Sai ta dube ni, ta ce da wannan karkataccen Larabcin nasu na mutanen dutse, "Tsohuwa, ki ƙyale ni. Nan kaɗai ne ba a tambayata me zan ci."

Na ɗauka tsiwa ce. Na fizgi hannunta na fito da ita, na kwara mata ruwan sanyi a ƙafa, na miƙa mata ƙunshinta, na ce kada in sake ganin ƙeyarta sai ta sauka lafiya. Tana sa jallabiya tana kuka marar sauti, ni kuwa ina ta faɗa. Da ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Bakinki ya fi ɗakin naki zafi." Ta fice. Mako uku ba ta dawo ba.

Abin da zan faɗa yanzu daga baya na ji shi, daga bakinta. An haife ta a wani ƙauye can saman duwatsu inda ƙanƙara ke toshe hanya lokacin sanyi, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya mata shida. Ubanta Lahsen manomin sha'ir ne, da alfadari ɗaya da bishiyar ɓaure uku. Uwarta masaƙiyar darduma ce. Tuda ba ta iya saƙa ba, hannunta ba ya zama wuri ɗaya, amma in ana biki ita ke ba da waƙa mata su amsa, har daga ƙetaren rafi ake aikowa a ɗauke ta. Da aka jera shekara uku ana fari, sai ta biyo wata 'yar gwaggonta zuwa bakin teku, ta shiga kamfanin kifin gwangwani tana cire kan sardin tun safe har yatsu su mutu. A nan Allal ya gan ta, yana cikin masu sauke kwandunan kifi daga jirgi. Babu wanda ya tilasta kowa. Ta ce shirunsa ne ya burge ta. Ban san me mata ke gani a namiji mai shiru ba. Nawa marigayin surutunsa ya fi na kasuwar kifi, amma ko ba komai na san abin da ke cikinsa.

Ta tare a gidan uwar Allal, Lalla Zuhur, a layin bayan masu tukwane. Shekara ba ta zago ba ta samu ciki. Ta ce wannan cikin da waƙa ta raine shi, ta ɗinka huluna har bakwai, ta raɗa masa sunan ubanta a ranta ba ta faɗa wa kowa ba. Yana wata takwas motsi ya tsaya. Aka kai ta asibiti, ya zo babu rai, ita kuma jini ya ɓalle mata, kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Kafin ta farfaɗo maza sun kai shi sun dawo. "Namiji ne," iyakar abin da aka ce mata ke nan. Da ta koma gida ta buɗe akwati, babu hula ko ɗaya. Lalla Zuhur ta kwashe ta bayar, wai don kada ta gani ranta ya ɓaci. Mata suka yi ta shigowa, "Allah ya sa mai ceto ne, ke yarinya ce, wani na tafe." Nono ya kawo, aka ɗaure mata ƙirji da zane. Daga nan babu wanda ya sake ambatar yaron a gidan, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Bayan shekara da 'yan watanni wani cikin ya shiga. Gida ya ɗauki guɗa, ita kaɗai ba ta yi ba. Abinci ya fita daga ranta, barci ya ƙaurace mata, sai ta zauna ta zuba wa bango ido, hawaye na zuba ba ta ma sani ba.

Mu kuwa a nan kowa ya san kwaɗayin mai ciki ba abin wasa ba ne. In ta so abu ba a ba ta ba, ta kuskura ta sosa jikinta, to daidai wurin ɗan zai fito da tabo mai siffar abin. Akwai wata a unguwarmu, shekararta hamsin tana yawo da yankin hanta a kumatu, har gobe ba ta yafe wa ubanta rowarsa ba. Saboda haka da Lalla Zuhur ta ga surukarta ba ta ci tana kuka, ba ta yi wata-wata ba, ta ce kwaɗayi ne, kunya ke hana ta faɗa. Baiwar Allahn nan ta sa takalmi ta shiga gari. Ta kawo rumman, ta kawo gasasshiyar hanta, ta kawo zumar dutse, ta aika har ƙauyensu aka zo da gurasar sha'ir da tsohon man shanu. Ɓaure ba lokacinsa ba ne, sai da ta samo. Safe da yamma tambaya ɗaya: "Ɗiyata, me kike marmari? Faɗa min, kada ki sosa jiki."

Ni duk ban san wannan ba sai ranar da Lalla Zuhur ta zo wanka ita kaɗai. Tana miƙo min ƙunshi tana ajiyar zuciya.

"Mbarka, ƙafafuna sun ƙare. Babu abin da ban kai gaban yarinyar nan ba. Ta kalla, ta ce na gode Inna, ta fashe da kuka. 'Yan dutsen nan da zurfin ciki kamar rijiya! Jiya har kan tunkiya na dafa mata."

Na ce, "Wa ya cinye?"

"Ni mana. A zubar?"

"Shi ya sa na ga ke ce kike ƙiba, ba mai cikin ba."

Muka yi dariya ta shige. Amma maganar nan da yarinyar ta yaɓa min a ɗakin zafi ta dawo ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi. Nan kaɗai ne ba a tambayata me zan ci. Ashe wuri ɗaya gare ta a garin nan, ni kuma na kore ta daga shi.

Kashegari da hantsi na bar wa mai cuɗa wa mata jiki tsaron ƙofa na tafi gidan Lalla Zuhur. Na same ta a kan soro, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga alkama. Ta rame, sai cikin.

Ta ce, "Nan ma kin zo korata?"

"Soron ba nawa ba ne. Matsa min."

Na zauna na sa hannu a faifan. Na ce ban kawo mata komai ba, kuma ko za ta mutu da yunwa ba zan tambaye ta me za ta ci ba. Muka yi ta tsinta. Sai da muka kusa rabin faifai sannan ta yi magana, idonta a kan alkamar.

"Inna Mbarka, in ya motsa tsoro nake ji. In ya yi shiru tsoro nake ji. Ko hula ban ɗinka masa ba, in na ɗauki allura sai in ajiye. Mutane na taya ni murna, ni kuwa kamar a cikin tulu nake jiyo su. Ba na son sa. To ga shi na faɗa. Wace irin uwa ce ke ɗauke da ɗa tana son wani?"

"Wane wanin?"

Ta ɗaga haɓa. Daga soron nan ana hango maƙabarta a kan tudu, fara fat, teku a bayanta.

"Yana can, ban san ta ina ba. Ban ga fuskarsa ba, Inna. Ban san ko yana da gashi ba. Kullum ina hawowa nan in zaɓi wani lungu in ce nan ne, gobe in ce a'a, can ne. Abin da nake so ke nan, in tsaya a kansa sau ɗaya. In na buɗe baki Allal ya tashi wai zai gyara koma. Inna Zuhur kuma ta ce mai ciki ba ta taka maƙabarta." Sai ta rage murya. "Wani lokacin ina cewa da ma in kwanta kada in tashi. Ba wani abu zan yi ba. Na gaji ne kawai."

Na binne 'ya'ya biyu, amma ni na ga nawa, na sumbace su kafin a ɗauka. Duk abin da zan ce mata an riga an ce mata shi, bai yi magani ba. Na kakkaɓe zanena na sauka.

Lalla Zuhur na tsakar gida tana haɗa shayi. Na ce, "Na gano kwaɗayin."

Ta dire buta. "Alhamdu lillahi! Mene ne? Ko a Marrakesh yake sai an kawo."

"Kusa yake. Kabarin jikanki take son gani."

"A'uzu billahi! Mbarka, tsufan ya hau miki kai? Mai ciki a maƙabarta? So kike a shafe min ita? Wancan ma wa ya san abin da ta taka?"

"To zaɓi ɗaya. Ba ke ce kike yawo kasuwa-kasuwa don kada ɗa ya fito da tabo ba? Wata biyar tana son abu ɗaya ba a ba ta ba. Yanzun nan na baro ta tana sosa goshi. Kina son jika da kabari a goshi?"

Ban ga ta sosa komai ba, Allah ya yafe min. Na zaci Lalla Zuhur za ta kore ni da tsintsiya, sai na ga haɓarta na rawa.

Ta ce, "Ni na naɗe shi. Gashinsa baƙi wuluk, cike da kai, kunnuwan Allal sak. Na ce in ba ta gani ba za ta fi saurin mantawa. Ni ma haka aka yi min."

"Kin manta?"

Ta zuba shayin har ya cika ya malala a faranti.

Ranar Juma'a da safe muka tafi mu huɗu. Lalla Zuhur ta cika wa Tuda aljihu da gishiri, ta soka mata allura a gefen mayafi, tana tafe tana karanta duk abin da ta haddace har da wanda ba ta haddace ba. Allal na gaba, kai a sunkuye. Na lura da abu ɗaya: bai tsaya neman hanya ba. Ya ratsa tsakanin kaburbura kamar mai shiga ɗakinsa, ya kai mu gefen katanga inda ake sa ƙanana. Kabarin bai fi kamu ɗaya ba. An shafe duwatsunsa da farar ƙasa, babu ciyawa ko ɗaya, ga ɗan kasko a wajen kai da sauran ruwa a ciki.

Tuda ta daɗe tana kallon kaskon. Ta ce, "Wa ke zuba ruwan nan?"

Allal ya juya yana kallon teku. "Tsuntsaye ne ke sha."

"Ban tambaye ka mai sha ba."

Sai ta dunƙule hannu ta dake shi a ƙirji, dukan gaske, har hularsa ta faɗi. "Kusan shekara biyu kana zuwa kai kaɗai? Kana dawowa ka ci abincina ka yi shiru?"

"Cewa aka yi kada a tuna miki."

"Wa ya ce maka na manta, kurman banza?"

Ya tsaya kawai, hawaye na bin gemunsa. Ita kuwa ta durƙusa da ƙyar ta zauna a ƙasa, ta ɗora tafi a kan kabarin, ta ce, "Lahsen, ni ce." Ranar ce uban da kakar suka fara jin yana da suna. Lalla Zuhur ta zauna gefenta ta ba ta labarin gashin da kunnuwan, Tuda na cewa, "Sake faɗa," tana sakewa. Can sai ta soma waƙa da yarensu, a hankali, muryar a dushe don ta daɗe a ajiye. Ban ji kalma ɗaya ba, amma sai da na nemi dutse na zauna.

Kada wani ya ce daga nan ta warke, masu tatsuniya ke faɗin haka. Ta ɗan fara cin abinci, ta daina hawa soro, amma duhun bai tafi ba, ya dai ɗan ja da baya. Maganar kwanciya kada a tashi kuma ba ta bar ni na huta ba. Ranar awonta na sa mayafi na bi ta. Malamar asibitin wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta auna ciki, ta ɗaure mata hannu ta auna jini, ta saurari bugun ɗa, ta ce komai lafiya, mai bi mata ta shigo.

Na ce, "'Yata, kin auna buhu, ba ki dubi jakin da ke ɗauke da shi ba."

Ta ce, "Hajiya, ke ce uwarta?"

"Ni ce mai tsaron kayanta. Tambaye ta yaushe rabonta da barci. Tambaye ta abin da take cewa a ranta in ta kwanta."

Na zaci za ta yi min Faransanci ta kore ni. Sai ta dubi Tuda da kyau, ta tashi ta rufe ƙofa, ni ta fitar. Sun fi rabin awa, masu layi suna ta tsine min. Daga nan ta haɗa ta da wata likita da aikinta ke nan, a zauna a yi magana, duk mako biyu. Ita ta faɗa wa Tuda cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama masu ciki da yawa, ba raunin imani ba ne, ba kuma mutanen ɓoye ba, kuma ana samun sauƙinsa. Tuda ta ce min abin da ya fi ba ta mamaki shi ne likitar ba ta zaro ido ba da ta ce ba ta son cikin. Lalla Zuhur ta bi maƙwabta tana cewa hawan jini ake duba mata. Na bar ta, kowa da irin mayafinsa.

Na janye dokar kora. Ɗakin tsakiya dai, ba ƙurya ba, kuma na gargaɗi mata cewa duk wadda ta tambaye ta me take marmari, da takalmi ɗaya za ta koma gida. In ta fito sai ta zauna kusa da ni ta sha iska, wata rana ta yi hira, wata rana ko uffan. A nan na ji duk tarihinta. Duk Juma'a kuma suna hawa tudu ita da Allal. Ban ce ya koyi magana ba, amma ya koyi zama.

Da cikin ya shiga wata takwas, watan da wancan ya tsaya, tsoro ya dawo mata sabo fil. Ta ce wajen uwarta take so ta haihu, akwai asibiti a garin da ke gindin dutsensu. Likitar ta rubuta mata takarda ta kai wa na can. Lalla Zuhur ta so ta yi gardama, na ce mata wannan ma kwaɗayi ne, ta ce, "Mbarka, Allah ya isa tsakanina da ke," ta shiga haɗa mata kaya.

Ba su dawo ba. Allal ya samu aiki a jiragen Agadir, suka zauna can, bayan shekara biyu uwarsa ta sayar da tarkacenta ta bi su. Kafin ta tafi ta ba ni labari: mace aka haifa, Yamna, lafiyayya. Ta ce Tuda ta yi mata duk abin da ake yi wa jariri, amma sai da yarinyar ta yi wata huɗu sannan aka ji ta yi mata waƙa. Shekara tara ke nan. Yanzu ko a hanya na gamu da Yamna ba zan san ta ba. Uwar kuwa, in wata mai ciki ta shigo da fara'ar da ba ta kai ido ba, sai in tuna da ita, in ce ko tana nan lafiya, ko tana da wadda take zama kusa da ita a can.

Ganina na ƙarshe da Tuda a tashar mota ne da safe. Allal na can yana faɗa da mai lodi a kan akwati. Ta riƙe min hannu ta ƙi saki, tafinta sanyi ƙalau.

Ta ce, "Inna, in aka haife shi aka miƙo min, na duba ban ji komai ba fa? Kuma ga Lahsen zan bari shi kaɗai, yanzu da na same shi."

Direba ya danna hon. Na gyara mata mayafi, na ce, "Jariri ba ya tambayar abin da ke zuciya, nono yake tambaya. Ki ba shi, ki wanke shi, ki kai takardar nan inda aka ce, kuma ki faɗa wa uwarki gaskiya ko ba ta tambaye ki ba. So in bai biyo motar nan ba, zai zo a kan alfadari, ki dai bar ƙofa a buɗe. Na kan tudu kuwa ki bar min shi. Juma'a ba ni da aikin fari, kuma na ga hanya. Hau mota, akuyar dutse, kada su tafi su bar ki."